Yankin Ruhr bayan kwal: ina aka kwana?

Yakubu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Duk sanda aka zo maganar yankin da arzikinsa ya ƙare kuma ya sake miƙewa, sai a kawo Ruhr na Jamus. A nuna hoton tafkin Dortmund da aka haƙa a filin masana'antar ƙarfe, a nuna mahaƙar Zollverein ta Essen da ta koma gidan tarihi, a ce ga yadda ake yi. To amma ai a yankin ne Gelsenkirchen take, garin da ya daɗe yana kan gaba wajen rashin aikin yi a Jamus. Malam Nuhu, Injiniya Bashir, Hajiya Rabi, ku da kuka san wurin, gyara aka yi ko fenti aka shafa?

Malam Nuhu: Wa alaikumus salam. A fara shimfiɗa taswira tukuna, don rabin amsar tana ƙarƙashin ƙasa.

Garuruwa 53 ne manne da juna, mutum kimanin miliyan 5.1 a fili murabba'in kilomita 4,400 da 'yan kai, cikin jihar North Rhine-Westphalia. In ka haɗa da Düsseldorf da Kolon da ke gefen Rhine, lissafin ya haura miliyan 10. Koguna uku ne ke ratsa yankin daga gabas zuwa yamma, duka suna zubewa a Rhine: Ruhr a kudu, Emscher a tsakiya, Lippe a arewa.

Shi kwal ɗin a karkace yake kwance. A kudu, wajen Witten, yana leƙowa a gefen tudu, har manoman dā suna tonarsa da hannu. Kana yin arewa yana ƙara nutsewa, wani dutse mai riƙe ruwa ya rufe shi. Sai a shekarun 1830 wani ɗan kasuwa, Franz Haniel, ya huda wannan murfin, da taimakon injin tururi mai zuƙe ruwa daga rami. Daga nan haƙa ta riƙa tafiya arewa zango-zango. Farko layin Duisburg, Essen, Bochum da Dortmund. Sannan layin Emscher, wato Oberhausen, Bottrop, Gelsenkirchen da Herne. Ƙarshe gefen Lippe. A mahaƙar da aka rufe daga ƙarshe, Prosper-Haniel ta Bottrop, sai an sauka wajen mita 1,200 ake cin kwal. Ranar 21 ga Disamba 2018 aka fito da dunƙulen ƙarshe aka miƙa wa Shugaban Jamus Steinmeier.

Ga inda wannan ya shafi tambayar Yakubu. Kudu ta rabu da kwal da wuri, ga tuddai ga daji ga tafkin Baldeney, kuma tun asali can masu kuɗi suka tare, har gidan iyalan Krupp, masu masana'antar ƙarfe, a can yake. Garuruwan Emscher kuwa ƙauyuka ne da mahaƙa ta kumbura su cikin shekara talatin zuwa arba'in, aka cika su da ma'aikata daga Polan da gabashin Jamus, daga baya Turkiyya. Ba tsohuwar kasuwa, ba tsakiyar gari na kirki, rami ne da gidajen ma'aikata kewaye da shi. Yau babbar hanya A40 ita ce iyaka. Kudancinta da arewacinta, ko a Essen ɗaya, kamar ƙasashe biyu.

Hajiya Rabi: Malam Nuhu ya yi shimfiɗa. Ni kuma ga lissafin mutane. A 1957 ma'aikatan mahaƙun Ruhr sun kusa dubu 500. A 1958 kasuwa ta fara karyewa, domin gidaje sun koma ɗumama ɗaki da mai, ga kwal mai araha na shigowa daga Amurka ta teku. A 1968 aka tattara yawancin mahaƙun cikin kamfani ɗaya, Ruhrkohle AG, gwamnati na cike giɓin da ke tsakanin kuɗin haƙa da farashin duniya. Aka yi ta biya har 2007 kafin a tsai da ranar dainawa, wato 2018.

Abin da ake yabawa gaskiya ne: ba a watsar da mai haƙa a titi ba. Wanda ya yi aiki a cikin rami zai iya ajiye aiki yana da shekara 50, a riƙa ba shi kuɗin riƙon ƙwarya har fansho ya kama. Wanda bai kai ba a mai da shi wata mahaƙar. Amma wannan tsari uban ya kare, ɗan bai samu komai ba. Gurbin da uban ya bari rufe shi aka yi, kuma shi ne gurbin da yaro mai ƙaramar takarda zai shiga ya riƙe iyali.

Akwai kuma laifin da kamfanonin suka yi da gangan. Su ke da yawancin filayen, kuma a shekarun 1960 suka riƙa ƙin sayarwa ga sababbin masana'antu don kada a janye musu ma'aikata. Opel da ta samu shiga Bochum a 1962 sai da hukumar gari ta bi ta bayan gida wajen samun filin. Ta ɗauki mutum wajen dubu 20 a ganiyarta, ta rufe a Disambar 2014. Nokia ta riga ta fita a 2008, ta koma Romaniya. Gelsenkirchen ta kusa mutum dubu 400 a ƙarshen shekarun 1950, yanzu wajen dubu 260 ne.

Zainab A.: Yaya Rabi, ki yi adalci mana. Kafin 1965 yankin mutum miliyan biyar ba shi da jami'a ko ɗaya da ke aiki. A shekarar ta Bochum ta buɗe, Dortmund 1968, Duisburg da Essen 1972. Yanzu ɗalibai sun haura dubu 200. Fannin lafiya ya fi kowane fanni ɗaukar ma'aikata. Filin Opel ɗin da kika ambata ba a bar shi ciyawa ta cinye ba. An share, an gyara ƙasar, yanzu akwai cibiyar rarraba kaya ta DHL, da kamfanonin manhajar mota, an kuma ba cibiyar binciken tsaron kwamfuta ta Max Planck fili a wurin.

Tafkin Phoenix, wato na Dortmund da Yakubu ya ambata, kuma aikin injiniya ne na gaske. Masana'antar ƙarfen unguwar Hörde, inda tafkin yake yanzu, ta tsaya a 2001. Ma'aikata daga Sin suka zo suka kwance injinan Dortmund, kimanin tan dubu 250, kowane guntu da lambarsa, aka sake ɗaura su a bakin kogin Yangtze. Aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa, aka fara cika ramin da ruwa a 2010, faɗinsa hekta 24. Kuma wurin ajiyar ambaliya ne: in Emscher ta cika sai a karkatar da rarar ciki, an ma yi hakan a ruwan Yulin 2021.

Hajiya Rabi: Ƙanwata, wa ke zaune a bakin tafkin? Tsohon mai narka ƙarfe na Hörde? Gidajen sun fi ƙarfinsa, hayar tsohuwar unguwar ma ta tashi. Aikin ɗaure kwali a rumbun kaya kuma ba ya biyan abin da Opel ke biya. Ban ce ba a yi komai ba. Cewa nake wanda ya rasa daban, wanda ya samu daban.

Injiniya Bashir: Ku bar ni in sako abin da ba ya fitowa a hoto, don ba a nan gizo ke saƙar ba.

In ka cire shimfiɗar kwal mai kaurin mita biyu daga ƙarƙashi, ka bar rufin ya rufta a bayanka, to ƙasar sama za ta biyo a hankali. Yi hakan shimfiɗa bayan shimfiɗa na shekara ɗari da hamsin. Wasu wurare sun lotsa fiye da mita 20. Unguwa ta koma kwano. Rafin da ke gangarawa kogi ya wayi gari kogin ya fi shi tudu. A yankin Emscher kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙasar haka take, ruwa ba ya fita da kansa. Za ka tsaya a titi ka ɗaga kai kana kallon ganuwar kogi a saman rufin gidaje. Kowane ɗigon ruwan sama da ya sauka a irin wannan kwanon sai famfo ya ɗaga shi ya jefa bayan ganuwa. Ƙiyasin da aka saba bayarwa shi ne in aka kashe famfunan, kusan kashi ɗaya cikin biyar na yankin zai zama tafki. Shi ya sa ake girka famfo fiye da buƙata a kowace tasha, a kuma tanadi wuta ta biyu, domin ranar da aka fi bukatarsa ita ce ranar hadari, ranar da wuta ta fi saurin ɗaukewa.

A kudu matsalar daban ce. Can tsofaffin ramuka ne marasa zurfi, da yawa ba su cikin taswirar kowa, musamman waɗanda aka tona a ɓoye lokacin yunwar bayan yaƙi. Su ba sa lotsawa a hankali, ruftawa suke farat ɗaya. A Janairun 2000 a Wattenscheid ƙasa ta buɗe tsakiyar unguwa ta haɗiye garejin mota. A 2013 aka gano kogo kusa da babbar tashar jirgin ƙasa ta Essen, jirage suka koma tafiyar hawainiya har aka gama ɗura siminti. Don haka mai son gini a kudu, matakin farko shi ne ya nemi bayanin haƙa daga hukumar ma'adinai, in akwai shakka a huda ƙasa a duba, in an tarar da rami a cika shi kafin a zuba tushe.

Yakubu: Injiniya, famfon nan har yaushe? Kuma kamfanin da ya daina sayar da kwal, da me zai biya?

Injiniya Bashir: Babu ranar dainawa, su kansu ayyukan har abada suke kiransu. Iri uku ne. Na farko wanda na faɗa, ruwan sama a kwano. Na biyu wanke ruwan ƙasa a filayen da aka gasa kwal, inda kwalta da sauran guba suka tsiyaye. Na uku, wanda ya fi cin kuɗi, ruwan cikin mahaƙun kansu.

Ruwan sama yana tsatsafowa cikin tsofaffin ramuka, a hanya ya kwashi gishiri da ƙarfe. In aka bar shi ya cika har sama zai haɗu da ruwan sha, musamman yashin Haltern da ke arewa, wanda garuruwa da dama ke sha daga cikinsa. Ana ɗago kimanin mita mai siffar sukari miliyan 70 a shekara. A dā famfunan a can ƙasa suke, dole a riƙe rami a buɗe, da iska da lif da mutane. Sabon tsarin shi ne a bar ruwan ya hau zuwa wajen mita 600 ƙasa da matakin teku, a cike ramin da kankare a bar bututu a tsakiya, a zura famfo mai nutso daga sama kamar na rijiyar burtsatse, sai dai ƙato. Wuraren ɗagowa za su ragu zuwa shida, kuma dole a bar tazarar aƙalla mita 150 tsakanin ruwan da yashin ruwan sha. Ribar a fili take, kowace mita da ba ka ɗaga ba wutar lantarki ce ka adana. Inda ake gardama shi ne PCB, wani sinadari mai guba. An yi amfani da man injin da ke ɗauke da shi a ƙarƙashin ƙasa har shekarun 1980 saboda ba ya kama wuta, kuma mai yawa ya zube a can. Masu kare muhalli na cewa ruwa mai hawa zai wanko shi, kamfanin na cewa ruwan da ya kwanta ya fi barin laka ta zauna.

Hajiya Rabi: Batun biya kuwa, nan kam na sara musu. A 2007 aka raba kamfanin kwal ɗin, RAG (wato tsohon Ruhrkohle AG), biyu. Ɓangaren da ke kawo riba, sinadarai da sauransu, ya zama Evonik. Aka kafa gidauniyar RAG aka damƙa mata hannun jarin, aka ce ribar da take samu ita za ta biya famfo. Abin na cin tsakanin Yuro miliyan 250 zuwa 300 a shekara in an haɗa da tsofaffin mahaƙun kwal na yankin Saar da Ibbenbüren. Gidauniyar ta riƙa sayar da wani kaso na Evonik tana zuba kuɗin a gidaje da wasu kamfanoni, don kada ta rataya a igiya ɗaya. In ta gaza, jihohin North Rhine-Westphalia da Saarland da gwamnatin tarayya ne suka tsaya mata. Wato daga ƙarshe mai biyan haraji ne dai.

Malam Nuhu: Tunda an shigo ruwa, a faɗi yadda aka raba wa kogunan aiki, don nan ma arewa ce ta ɗauki kaya. Ruhr na sha, Emscher na ƙazanta, Lippe na masana'antu, Rhine na jirage.

Annoba ce ta tilasta. A 1901 taifot ta ɓarke a Gelsenkirchen saboda an sako ɗanyen ruwan kogi cikin bututun sha. Sama da mutum dubu 3 suka kamu, ɗaruruwa suka mutu, har shahararren likitan ƙwayoyin cuta Robert Koch ya zo bincike. Tun daga wannan zamanin aka tsare kogin Ruhr. Madatsu takwas ne a tsaunukan Sauerland, manyansu Bigge da Möhne, suna tara ruwan hunturu su sake shi da bazara don kada kogin ya ƙafe. Kuma ba a ɗiba a tura famfo kai tsaye. Ana zuba ruwan a manyan kwaruruka masu yashi, ya tsiyaye cikin ƙasa, a ɗebo shi daga rijiyoyin gefe. Mutum wajen miliyan 4.6 ke sha daga wannan tsarin.

Injiniya Bashir: Emscher kuwa lambatu aka mai da ita, a buɗe. Wanda ya san Jakara ta cikin Kano ya gane hoton, sai dai wannan tsawonta ya haura kilomita 80. Kada a ɗauka sakaci ne. Ƙasar da ke lotsawa duk shekara ba ta riƙe bututu, fashewa zai yi. Hukumar Emschergenossenschaft, wadda garuruwa da mahaƙu da masana'antu suka kafa tare a 1899, ta miƙar da kogin da rafukansa, ta shimfiɗe cikinsu da faranta-farantan kankare masu gangare, in wuri ya lotsa a ɗaga ganuwa a ci gaba. Gefen yana da santsi, wanda ya zame ciki da wuya ya fito, shi ya sa aka kewaye da waya. Da bazara wari kan hana buɗe taga.

Sai da haƙa ta yi arewa ƙasa ta lafa sannan gyara ya yiwu. An fara a 1992, an gama raba ƙazanta da kogi a ƙarshen 2021, kuɗin wajen Yuro biliyan 5.5. Ƙashin bayan aikin shi ne bututu mai kilomita 51 daga Dortmund zuwa Dinslaken, faɗinsa daga mita 1.6 zuwa 2.8. Ku duba lissafin. Don ƙazanta ta gudu ba ta kwanta ba, ana bukatar gangaren mita 1.5 a kowace kilomita. Sau 51 ya ba ka fiye da mita 75, ka ƙara zurfin farawa, ka iske kanka wajen mita 80 a ƙarshen layi. Ba mai son tona wannan. Sai aka yanka shi da tasoshin famfo uku, Gelsenkirchen, Bottrop da Oberhausen. Bututu ya gangara har wajen mita 30 zuwa 40, a ɗaga ƙazantar zuwa sama, ya sake fara gangara. A galibin layin ba a tona rami daga sama ba, tura sassan bututun aka yi ta ƙarƙashi daga rijiya zuwa rijiya, saboda akwai titi da layin dogo da gidaje a kai. Abokin gabarsa iskar da ƙazanta ke fitarwa, wadda kan zama asid a rufin bututu ta ci kankare, don haka kankaren na musamman ne kuma ana zuƙe iskar. Tunda ba ranar da zai bushe mutum ya shiga, na'ura ce ke bi tana duba shi.

A ganina wannan ya fi Zollverein muhimmanci sau goma, amma ba mai zuwa ɗaukar hotonsa.

Zainab A.: Injiniya, ai tushensu ɗaya. Shirin IBA Emscher Park, na sabunta tsofaffin filayen masana'antu a yankin Emscher, daga 1989 zuwa 1999, ƙarƙashin Karl Ganser, shi ya sa aka daina rushe komai, kuma shi ya ɗora gyaran kogin a kan tebur. Ba don shi ba da tanderun Meiderich a Duisburg, wanda aka kashe a 1985, ya tafi wurin 'yan gwangwan. Gari da ke son likita da injiniya su zauna a cikinsa dole ya zama wurin zama.

Alhaji Sani: Kun daɗe a kan ƙananan koguna, ku zo babban. Abin da ya rage na masana'anta mai nauyi duk ya tattara a bakin Rhine, a Duisburg. Dortmund ta rasa tanderunta ne saboda tama sai ta bi hanyoyin ruwa na haƙa, ana ɗaga jirgi mataki-mataki, ko a sauke a ɗora wa jirgin ƙasa. Duisburg kuwa daga Rotterdam kai tsaye, tafiyar wajen kilomita 240, babu ƙofar ruwa ko ɗaya a hanya. Jirgin turi ɗaya yana ingiza jiragen dako marasa inji huɗu zuwa shida, kowanne kimanin tan 2,800. Kamfanin ƙarfe na Thyssenkrupp na bukatar wajen tan dubu 60 na tama da kwal kullum. A tirela mai tan 25, tirela 2,400 ke nan a rana. Ba hanyar da za ta ɗauka.

To a 2018 ruwan ya janye. A Oktoba ma'aunin ruwa na Ruhrort da ke Duisburg ya sauka zuwa santimita 153, na Kaub da ke can saman kogin ya kai 25. Kamfanin ya sanar da abokan cinikinsa cewa abin ya fi ƙarfinsa, ya rage aikin tanderu. A 2022 ruwan ya sake janyewa.

Yakubu: Alhaji, santimita 25? Ai ko kwalekwale ba zai wuce ba.

Alhaji Sani: Nan mutane ke ruɗewa. Lambar ma'auni daban, zurfin hanyar jirgi daban. Kowane ma'auni yana da lambar ƙarancin ruwa da hukuma ta tsayar, da zurfin da ake tabbatarwa a wannan lambar. A 2018 ta Ruhrort 233 ce, zurfinta 280. Sai ka ce 153, cire 233, ƙara 280, ka samu mita 2 daidai. Ta Kaub 78 ce, zurfi 190, don haka 25 na nufin santimita 137. Daga nan matuƙi zai cire santimita 20 zuwa 30, domin jirgi na ƙara nutsewa in yana gudu, kuma gindin kogin a Kaub dutse ne.

Yanzu ka ɗauki jirgin da aka fi gani, mita 110 a tsawo, 11.45 a faɗi. Cike yana nutsewa wajen mita 3.5 da kaya tan dubu 3. Kowace santimita da ka rage, kimanin tan 11 ka bari a tasha. A zurfin mita 2 ba ka kai rabin kaya ba, a na Kaub ko kashi ɗaya cikin huɗu da kyar. Mai da ma'aikata kuwa kuɗinsu bai ragu ba. Shi ya sa kwangilar dako ke ɗauke da ƙarin kuɗin ƙarancin ruwa, yana hawa mataki-mataki, in ma'auni ya faɗi ƙasa da wata lamba mai jirgi ba shi da tilas ya ɗauka ma. Duisburg ta fi masana'antun sama sa'a, don ba sai ta ratsa Kaub ba.

Dakta Kabiru: Ƙari a kan maganar Alhaji: babban tanderu ba a kashe shi kamar murhu. In ya huce da narkakken ƙarfe a ciki, ya daskare, gyaran sai watanni. Don haka kwana kaɗan na rashin tama babbar magana ce.

Amma barazanar da ta fi kogi ita ce hayaƙi. Masana'antar Duisburg ɗin na fitar da wajen tan miliyan 20 na iskar kabon a shekara, kusan kashi 2.5 cikin ɗari na Jamus duka, kuma a Turai hayaƙi kuɗi ake biya a kansa. Mafitar da suka kama ita ce hasumiyar da ke cire iskar oksijin daga tama da gas, ba tare da gasasshen kwal ba, sannan a narka da lantarki. Ana gina ta don tan miliyan 2.5 a shekara, kuɗin wajen Yuro biliyan 3, biliyan 2 daga gwamnati. Fasahar Midrex ce, irin wadda kamfanonin Jamus da Ostiriya suka girka a Aladja ta jihar Delta, aka buɗe a 1982. Bambancin shi ne nan ana son a koma haidirojin, wajen tan dubu 140 a shekara, kuma har yanzu ba mai sayar da shi a farashin da ƙarfen zai iya gogayya da na Sin. Da gas za a fara. A Nuwambar 2024 kamfanin ya ce cikin guraben aiki dubu 27, dubu 11 za su tafi ko a miƙa su ga wasu kamfanoni kafin 2030. Duk mai cewa sauyin Ruhr ya kammala, ya jira wannan zagayen.

Alhaji Sani: Tashar jiragen ta ga irin wannan a baya. Masana'antar Krupp ta Rheinhausen, wadda ma'aikata suka yi kwana 160 suna tirjiya a kanta a 1987 zuwa 1988, ta rufe a 1993. Filin, hekta 265, ya zama Logport, cibiyar dakon kaya, ruwa da dogo da titi a wuri ɗaya. Tashar Duisburg na juya kwantena wajen miliyan 4 a shekara. Jirgin ƙasa daga Chongqing ta Sin ya fara zuwa a 2011, kilomita wajen dubu 11 cikin mako biyu, ana sauya kwantena sau biyu saboda faɗin dogon Kazakistan da Rasha da Belarus milimita 1,520 ne, na Sin da Turai 1,435. Yaƙin Yukren ya rage wannan cinikin sosai, masu kaya da yawa ba sa son bi ta Rasha.

Hajiya Rabi: To ga tarkon da ya riƙe arewa. Dokar tallafin marasa aiki daga Berlin take fitowa, amma wani kaso na kuɗin hayarsu gari ke biya. Gari mai yawan marasa aiki kashe-kashensa sun fi yawa, kuɗin shigarsa sun fi ƙaranci. Sai ya ci bashin gudanar da yau da gobe, ba na gina komai ba. Har 2019 garuruwan nan suna zuba kuɗi a asusun haɗewar Jamus, na raya tsohuwar Jamus ta Gabas, wasu da kuɗin bashi. Don cike giɓi sai su ɗaga harajin kasuwanci. Tushensa kashi 3.5 cikin ɗari na riba, kowane gari ya ninka da adadin da ya zaɓa. Oberhausen 580 cikin ɗari, ninki 5.8 ke nan, wato kashi 20.3. Monheim da ke gefen Rhine, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, ta sauke nata zuwa 250 a 2018, wato 8.75. A ribar Yuro miliyan ɗaya, nan 203,000, can 87,500. Ina za ka kai ofishinka?

Zainab A.: Wannan kam ba musu, Yaya. Kuma rarrabuwar mulki ta ƙara dagula shi. Hukumomin lardi uku ke kula da yankin, Düsseldorf, Münster da Arnsberg, ba wadda hedikwatarta ke cikinsa. Akwai ƙungiyar haɗin gwiwa tun 1920, amma sai 2020 jama'a suka fara zaɓen majalisarta kai tsaye. Kowa tasa ta fisshe shi. An buɗe katafariyar kasuwar CentrO a Oberhausen a 1996, ta kwashe cinikin tsakiyar garuruwan maƙwabta har da na Oberhausen ɗin kanta. Taragon cikin gari na Bochum da Gelsenkirchen faɗin layinsa mita ɗaya, na Dortmund milimita 1,435, Essen na da duka biyun, har akwai inda aka shimfiɗa ƙarfe uku. Tikiti ɗaya ne tun 1980, amma daga arewa zuwa kudu sai ka yi ta sauka kana hawa.

Alhaji Sani: Ku ƙara da gadoji, don yankin da ya jingina da dakon kaya a kansu yake tsaye. Yawanci an gina su a shekarun 1960 da 1970, don motocin da ba su kai na yau yawa da nauyi ba. Gadar Rahmede a kan A45, hanyar da ke haɗa Dortmund da kudu, an rufe ta a Disambar 2021, aka tarwatsa ta a Mayun 2023, tireloli suka koma bi ta tsakiyar Lüdenscheid. A Disambar 2023 ta A42 tsakanin Bottrop da Essen ta bi sahu, da aka buɗe kuma sai da shingen awo mai tare duk motar da ta haura tan 3.5.

Dogon kuma ya fi ba da haushi. Holan ta gama layin kaya na Betuwe daga Rotterdam zuwa iyaka tun 2007. Ɓangaren Jamus, kilomita 73 daga Emmerich zuwa Oberhausen, layi na uku ne za a ƙara, kuma har yanzu aiki ake. Dole a kawar da mahaɗar titi da dogo ɗaya bayan ɗaya, a gina gada ko hanyar ƙarƙashi, a kafa katangar kare ƙara, kowane gari da nasa ƙorafin. Yayin aikin kuma rufe layin ake yi na makonni, jiragen kaya su zagaya ta Venlo. Duk bazarar da ma'aunin Ruhrort ya faɗi ƙasa da mita 2, wannan layin ne ya kamata ya karɓi tamar da jiragen ruwa suka bari a Rotterdam.